Kuros ko kan shaf na sibi: wanne ya fi ƙarko a jif ɗin zamani?

Abban_Hanifa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Dan Allah masana mota ku raba min gardama. Jiya ana canza min baƙin mai sai na sauka ramin na leƙa ƙarƙashin jif ɗina, na ga farfelar da ta tafi baya (dogon ƙarfen da ke kai juyin inji zuwa tayun baya), ƙarshenta ɗaya kuros ne, mahaɗin ƙarfe mai siffar gicciye irin wanda muka sani, ɗaya ƙarshen kuma wani dunƙulallen abu ne da roba kamar kan shaf ɗin tayar gaba, wai shi ne sibi (CV). Tsohuwar motar da na riƙe shekara 11 kuros ne gaba da baya kuma ba ta taɓa kwana a hanya saboda shi ba, giris kawai nake bugawa. Ni dai a ganina wannan sibi da suke cusa wa motoci yanzu rage ƙarko ne kawai don a riƙa sayen kaya. Ko akwai dalilin da ban sani ba?

Baba_Direba: Wa alaikumus salam. Gaskiyarka Abban Hanifa. Shekara talatin da wani abu ina jan babbar mota, ban taɓa ganin tirela da robar shaf a farfela ba. Kuros ƙarfe ne tsantsa, ka ba shi giris ya ba ka lafiya. In ya gaji zai gaya maka, kuma da guduma da soket a gefen titi za ka canza shi ka ci gaba da tafiya.

Sadiq_4x4: Wlh haka ne Baba. Roba ɗaya ta yage shikenan an gama.

Injiniya_MB: Baba ku yi min afuwa, maganarku gaskiya ce amma rabinta ce. Kuros yana da wani aibi da aka haife shi da shi, ba na lalacewa ba ne, na lissafi ne. Muddin shaf biyun da ya haɗa ba a miƙe suke ɗoɗar ba, to wanda ake juyawa ba ya tafiya da gudu ɗaya. A kowane zagaye guda sai ya ƙara gudu ya rage har sau biyu, alhali wanda ke juya shi bai canza komai ba. In karkatar kaɗan ce ba za ka ji ba. A digiri 3 bambancin bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba, nesa ma. A digiri 10 wajen kashi ɗaya da rabi ne sama da ƙasa. Amma ka kai shi digiri 30 ka gani, in shaf ɗin farko na yin zagaye 1000 a minti, na biyun zai riƙa lilo tsakanin 866 da 1155. To ka ɗauka tayar gaba ce ke wannan fizge-fizgen kana tsakiyar shan kwana, sitiyari sai ya nemi ƙwacewa daga hannunka. Abin da ya sa aka ƙirƙiro sibi kenan, ma'anar sunan ma gudu bai ɗaya, komai karkatar da ya yi.

Abban_Hanifa: To Injiniya in haka ne me ya sa tsohuwar tawa ba ta girgiza? Kuros biyu ne fa a jikin farfelarta.

Injiniya_MB: Ai amsar tana cikin tambayarka. Saboda biyu ne. Na farko ya ɓata gudun, na biyu ya gyara, suna kashe juna. Amma da sharaɗi biyu: karkatar na gaba da na baya ta zama kusan ɗaya, sannan kunnuwan da ke ƙarshen farfelar biyu su kasance a layi ɗaya. Ka saɓa ɗaya daga ciki ka ji yadda mota za ta koma.

Oga_Makanike: Wannan magana ta Injiniya na gan ta da idona ba sau ɗaya ba. An taɓa kawo min wata jif, mai ita ya yi balansin taya sau uku, ya canza shokozoba, ya canza mazaunin inji, duk a banza, da ta kai gudun 80 sai kujera ta fara rawa. Ina shiga ƙasa na ga wanda ya kwance farfelar a baya ya zare ta daga haƙoranta ya mayar ba a inda take ba, ya gusa da haƙori biyu ko uku. Ko sisin kaya ban canza ba, na zare na daidaita kunnuwan, magana ta ƙare. Shi ya sa kullum nake gaya wa yarana kafin ku kwance farfela ku sa mata alama da fenti ko alli.

Sadiq_4x4: Toh Oga ai kun ƙara nuna kuros ya fi kenan, tunda gyaransa ma kyauta ne 😂

Oga_Makanike: Sadiq kai dai ba ka son roba. Ban ce ya fi ba. Kowanne da wurinsa.

Maman_Ilham: Ni ku taimaka min kafin ku ci gaba da gardamar. Tawa in na karya sitiyari gaba ɗaya zan fita daga fakin sai na ji ƙas ƙas ƙas daga gaba ɓangaren dama, in na miƙe hanya shiru. Wanne ne daga cikin biyun nan?

Oga_Makanike: Hajiya wannan kan shaf ne na waje, wanda ke jikin taya. Ki sa a duba robar, kusan na tabbata ta yage, za a ga giris baƙi ya fantsama a cikin rim da jikin shokozoba. In ya riga ya fara wannan ƙarar to canza roba kaɗai ba zai dawo da shi ba, ƙasa ta riga ta ci hanyar ƙwallayen. Ba yau zai yanke ba amma kar ki yi doguwar tafiya da shi. Da a ce na cikin ne, wanda ke jikin giyabos, ba ƙara za ki ji ba, girgiza za ki ji in kin taka totur, ki ɗaga ƙafa ta ɗauke.

Maman_Ilham: Na gode Oga, Allah ya saka. Gaskiya akwai wani baƙin maiƙo da nake gani a rim ɗin na ɗauka birki ne.

Baba_Direba: Kun gani ko. Abin da nake faɗa kenan. Wannan kayan zamanin.

Malam_Tarihi: Baba a nan kam sai na ɗan ja da ku, sibi ba kayan zamani ba ne. Irin mai ƙwallaye shida da keji da ake gani a kusan kowace mota yau, wani injiniyan kamfanin Ford ne mai suna Alfred Rzeppa ya ƙirƙiro shi tun shekarun 1920. A Faransa ma a lokacin an yi wani iri mai suna Tracta. Jif ɗin sojan Amurka na yaƙin duniya na biyu, wanda daga shi sunan jif ɗin ma ya bazu, sibi ne a aksul ɗinsa na gaba. Shi kuros ya girme shi nesa ba kusa ba, ana danganta shi da Kardano na Italiya a ƙarni na 16, sai Robert Hooke na Ingila da ya yi nazarinsa a ƙarni na 17 har ya gano wannan rashin daidaiton gudun da Injiniya ya faɗa. Clarence Spicer ne ya shigo da shi harkar mota sosai a farkon shekarun 1900, kamfaninsa ne ya zama Dana na yau. Abin da ya yawaita sibi shi ne motoci masu jan gaba, musamman bayan fitowar Mini a 1959.

Sadiq_4x4: Malam Tarihi duk na yarda amma a je a duba motocin daji na gaske. Land Cruiser mai aksul ɗin gaba guda ai kuros ne, shi ya sa ba ta mutuwa.

Oga_Makanike: A'a Sadiq, nan ka faɗi. Ka taɓa buɗe wannan ƙwallon ƙarfen da ke bayan tayar gaba ta Land Cruiser 80 ko 70? Abin da ke ciki Birfield ne, kuma Birfield sibi ne mai ƙwallaye shida. Tsohuwar Hilux mai aksul guda ma haka. Bambancin kawai ba roba ce ta rufe shi ba, gidan ƙarfe ne cike da giris da sil. Wanda ke da kuros a buɗe a aksul ɗin gaba shi ne irin su Jeep Wrangler da manyan fikof na Amurka.

Sadiq_4x4: Toh na karɓi gyara. Ashe motar da nake kafa hujja da ita ma ta ɓangarenku ce.

Injiniya_MB: Kuma ka lura Sadiq, ita Wrangler ɗin mai kuros a gaba, yawancinsu fowil ɗin (jan taya huɗu) na sakawa da cirewa ne, a kan kwalta tayun baya ne kawai ke ja, gaban yana bin sahu ne babu nauyi a kansa. In ka sa fowil ka karya sitiyari har ƙarshe za ka ji gaban yana tsalle-tsalle. Motar da aka yi ta ja da taya huɗu kodayaushe ba za ta jure wannan ba, dole sibi.

Bari na ɗan faɗi yadda yake aiki don Abban Hanifa. Akwai kofi na waje mai kwaroro shida, akwai ƙwarya ta ciki ita ma mai kwaroro shida, ƙwallayen suna tsakani, keji ya riƙe su. Duk yadda shaf ya karkata, siffar kwaroron da kejin suna tilasta ƙwallayen su tsaya a daidai tsakiyar kusurwar, rabi nan rabi can. Tunda inda ƙarfi ke wucewa yana tsakiya, nisan kowane ɓangare ɗaya ne, gudun ma ɗaya. Na waje yana iya karkata har wajen digiri 45 zuwa 48. Na ciki galibi mai ƙafa uku ne, bai kai wancan karkata ba, wajen rabinsa, amma shi yana shiga yana fita, saboda in taya ta hau ta sauka tsawon shaf ɗin yana canzawa. Kuros ba ya iya wannan shiga da fitar, sai an haɗa masa haƙora masu zamewa daban.

Abban_Hanifa: Na fahimci na tayar gaba, wannan ba gardama. Amma tambayata fa kan farfela ce. Farfela ba ta shan kwana. Me ya kai sibi wurin?

Injiniya_MB: Yauwa, mun dawo kan asalin magana. Dalili biyu zuwa uku. Yawancin jif ɗin yanzu ba su da shasi daban, bodi ne guda kamar ƙaramar mota, injin a kwance yake a gicciye, kuma an matse komai a ƙasa, tankin mai, salansa, wurin ƙafar fasinja. To ba kullum mai zanen zai samu hanyar da karkatar gaba da ta baya za su zo ɗaya ba. Inda lissafin kuros biyu ya ƙi, sai a sa sibi a huta. Na biyu, farfela ta fi taya gudu sosai. Jif mai taya 265/65R17 a gudun kilomita 120, tayar na yin zagaye wajen 820 a minti, in giyar aksul ɗin 3.9 ce to farfela na yin sama da 3000. A wannan gudun ƙaramar girgiza ma sai ta shigo cikin mota, kuma mota marar shasi ba ta ɓoye ƙara kamar mai shasi. Mai sayen jif yanzu so yake ya ji shiru kamar a falo. Na uku, farfelar gaba daga tiransifa (akwatin da ke raba ƙarfi gaba da baya) zuwa aksul ɗin gaba gajera ce, gajeren shaf kuma karkatarsa ta fi yawa.

Dan_Gwari_77: Wato dai don jin daɗi ne ba don ƙarfi ba

Injiniya_MB: Kusan haka. Amma kar ka raina ƙarfinsa. A babbar karkata sibi ya fi kuros riƙe ƙarfi lafiya, don nauyin ya rabu kan ƙwallaye shida, wasu sababbin ma takwas. Rauninsa robar ce da zafi. In ka sa shi yana gudun farfela a karkace sosai, giris ya yi zafi, roba tana lanƙwashewa dubban sau a minti, ba zai daɗe ba.

Sadiq_4x4: Wannan kam ni shaida ne. Na ɗaga tawa inci uku na sa manyan taya, ko wata huɗu ba a yi ba robar sibin farfelar gaba ta fashe, giris ya wanke ƙasan motar. Na canza, ta sake. Daga baya aka haɗa min farfela mai tagwayen kuros, irin biyu a manne da ɗan ƙwallo a tsakiya, tun daga nan ban sake waiwayarta ba.

Oga_Makanike: To ai laifin ba na sibi ba ne Sadiq, kai ka canza masa kusurwar da aka yi shi dominta. Kuma wannan tagwayen kuros ɗin da kake yabo shi ma sibi ne a aikace, na farko ya ɓata na biyu ya gyara a wuri ɗaya. Sai dai in ka sa shi dole a juya hancin aksul ɗin ya kalli tiransifa kusan kai tsaye, saboda kuros ɗaya tilo da ya rage a ɗaya ƙarshen ba shi da abokin da zai gyara masa. Da yawa suna sawa ba su yi wannan ba sai su ce kayan jabu ne.

Baba_Direba: Duk wannan lissafin na ji. Ni tambayata ɗaya ce, in ya mutu maka a daji nisan kilomita ɗari daga gari wanne za ka iya gyarawa?

Oga_Makanike: A nan kam Baba kun yi nasara, ba musu. Kuros kilif huɗu ne da kofuna huɗu, yana shiga aljihu. Amma ku sani ba duk kuros ɗin yanzu ne irin naku ba. Ƙananan jif da yawa irin su RAV4 da CR-V da Subaru, kuros ɗin farfelarsu ba kilif, dannewa aka yi aka daddatse bakin ƙarfen ya riƙe kofin, ba kan giris (ɗan bakin da ake buga giris ta cikinsa) kuma. A littafin kamfani in ya lalace farfelar gaba ɗaya ake canzawa. Akwai masu gwanintar cire shi su sa wani amma in bai zauna a tsakiya daidai ba girgiza ce har abada. Su Prado da Hilux ne har yanzu za ka samu kan giris a farfela.

Abban_Hanifa: Innalillahi, nawa ma fa da na duba ban ga kan giris ba. Ashe kuros ɗin da nake taƙama da shi ma an rufe shi.

Dan_Gwari_77: 😂😂 Abban Hanifa an ci ka gida da waje

Ummu_Sultan: Ni wata tambaya daban. Maigidana ya sa fowil a kan kwalta ranar da aka yi ruwa, da ya zo juyawa motar ta ƙi tafiya kamar an taka birki, tayu suna kuka. Ya ce kan shaf ne ya lalace. Haka ne?

Injiniya_MB: A'a Hajiya, lafiyarsa ƙalau, sai dai in ya ci gaba da yin haka zai lalata shi da gaske. In fowil ɗin irin na sakawa da cirewa ne, yana kulle gaba da baya su juya tare, alhali a kwana tayun gaba sun fi na baya tafiya mai nisa. A yashi ko taɓo taya na zamewa ta sauke wannan matsin, a kwalta babu inda za ta zame sai ƙarfen ya ɗauka. Ki ce masa ya bar fowil sai ƙasa mai santsi. Wannan ba ruwansa da kuros ko sibi, duk wanda ke wurin zai sha wahala.

Ummu_Sultan: Toh zan nuna masa wannan da kaina don in na faɗa ba zai yarda ba.

Malam_Tarihi: Wani abin da ba a ambata ba, akwai na uku. Motocin Jamus irin BMW da Mercedes suna sa faifan roba mai kauri a bakin farfela kusa da giyabos. Ba kuros ba ne ba sibi ba, karkata kaɗan yake ɗauka amma yana shanye fizgar inji.

Oga_Makanike: Haka ne Malam. Tunda an zo nan bari na faɗi na giris don nan ake yawan kashe kaya. Kan shaf na waje baƙin giris yake so mai sinadarin moli (molybdenum), ba jan giris ko ruwan ɗorawa na boris ba. Na ciki mai ƙafa uku nasa daban ne, ya fi ruwa-ruwa saboda ƙananan allurai da ke cikinsa. Kar a cika roba taf kuma a ɗaure da kilif ɗinta na ƙarfe, ba waya ko igiyar roba ba. Shi kuma kuros in kana buga masa giris ka ci gaba har sabo ya fito ta kofuna huɗun duka. In uku suka fitar ɗaya ya ƙi, to wannan ɗayan a bushe yake kuma shi zai kashe ka. Alamarsa, ka sa giya daga fakin zuwa gaba ko ribas ka ji ƙwal, ko ƙiƙi ƙiƙi a hankali kamar tsuntsu, ko ka ga jan gari kamar tsatsa a bakin kofin.

Injiniya_MB: Ƙari kan na Oga, kuros ma ba a son ya miƙe ɗoɗar babu karkata ko kaɗan. Ana barin kamar digiri ɗaya don alluran cikin kofin su riƙa juyawa, in ba haka ba sai su tsaya wuri ɗaya su huda wa kansu gurbi. Tsakanin ɗaya zuwa uku nan ne yake daɗewa.

Baba_Direba: Kuma in kuros ɗin gaba na farfela ya yanke kana gudu, Allah ya kiyaye, farfelar ƙasa take caka. Na ga wadda ta ɗaga bayan mota. Wannan kam ba zan ɓoye ba duk da ina bayansa. Shi kan shaf in ya mutu tsayawa kawai za ka yi, inji na kuka mota ba ta motsi.

Sadiq_4x4: Baba ya fara sauya sheƙa 😄

Baba_Direba: Ban sauya ba yaro. A ba ni mota mai kan giris har gobe.

Abban_Hanifa: Na gode muku gaba ɗaya. Na janye maganar cewa don a cuce mu aka sa shi, amma har yanzu rufe kuros da suka yi babu kan giris bai kwanta min ba. Oga, tunda nawa haka yake, in an zo canzawa zan iya sa a haɗa min farfela mai kuros mai kilif gaba da baya in huta da sibin gaba ɗaya?

Oga_Makanike: Kuros ɗin baya za a iya mayar da shi mai kilif in mai haɗawar ya iya kuma ya yi mata balansin. Amma cire sibin ban ba ka shawara ba sai an auna kusurwar ƙarshen biyu an gani. In ba su zo ɗaya ba ka sayi girgiza da kuɗinka. Wace iri ce motar, farfelar guda ce ko biyu mai boris a tsakiya?

Abban_Hanifa: Biyu ce, akwai boris a tsakiya da roba zagaye da shi. Gobe in sha Allah zan sake shiga ramin na ɗauko hoto.

Dan_Gwari_77: Ka ɗauko har da na robar sibin, a haska da fitila ta bayanta, wani lokaci tsagar a cikin ninkin take ɓuya